Awon Kango a Whitby

Ƙarfe biyar da rabi, kafin baƙi su fara hauro matakala,
muka kafa na'urar a kan ƙafafunta uku
kamar tukunya bisa duwatsun murhu.
Maureen ta hura tafin hannunta,
ta ce iskar tekun nan ba ta da kunya.
Na danna. Kan na'urar ya soma juyawa
a hankali, kamar mai sallame salla,
ya dubi dama, ya dubi hagu.

Ba a ganin hasken leza, sai dai ka yarda da shi.
Ya tafi, ya taɓa dutse, ya dawo da labari:
nan nisa kaza, can nisa kaza.
Ɗan aike ne da ba ya tsayawa hira a hanya.
Kafin shayina ya huce
ya je ya dawo sau miliyan.

Kangon majami'a ne, rufinsa ya daɗe da tafiya.
Bakan gizo a tsaye, ba abin da yake ɗauke da shi sai sama.
Gishiri na cin dutsen kamar gara,
kowace damina da lomarta.
An ce mana: ku rubuta shi kamar yadda yake yau,
tsawonsa, faɗinsa, zurfin kowace tsaga,
don gobe ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Tasha ta sha bakwai, bayan wani ginshiƙi,
na tarar da zane ɗan ƙarami a jikin dutse,
layi uku da ƙugiya.
Maureen ta ce sa hannun magini ne,
da shi ake ƙirga masa ladan yini.
Na ɗora yatsana a kai. Sanyi.
Sai ga Baba Sallau a gabana,
laka har gwiwar hannu,
yana auna bango da taƙi, yana auna soro da gaba,
yana cafe tubali daga sama ba tare da ya duba ba.

Zauren da ya gina a Kusada,
mai daurin guga, mai zankwaye huɗu,
ruwan wata Agusta ya kwantar da shi cikin dare ɗaya.
Ba hoto, ba takarda.
Awonsa yana hannun Baba,
hannun kuwa yana ƙasa.
Ni da nake auna ginin wasu har kaurin gashi,
da za a tambaye ni kamu nawa ne ƙofarmu
sai in ce: ina sunkuyawa in zan shiga.

Da yamma, a ɗakin haya mai warin soyayyen kifi,
na buɗe kwamfuta, kangon ya tashi,
gajimare na ɗige-ɗige, ba nauyi, ba sanyi.
Na juya shi da yatsa ɗaya,
na leƙa ta ƙarƙashinsa inda tsutsa kaɗai ke gani,
na ratsa bango kamar aljani.

Akwai datti a ciki, dole a share.
Wani farin tsuntsun teku da ya gitta
ya bar rabin fiffike a rataye.
Wani tsoho da karensa sun zama hayaƙi.
Ga ni nan ma, inda na manta ban kauce ba,
mutum marar fuska, a duƙe,
hannunsa manne da ginshiƙi.

Na goge tsuntsun. Na goge tsohon da karensa.
Na ja layi na kewaye kaina,
sai yatsana ya tsaya.

Maureen ta turo saƙo: gobe ƙarfe biyar,
saura tasha talatin da ɗaya, kuma ana sa ran ruwa.